A Ƙofar Rumbu Ake Kulle Fayil



Tambayar da aka ɗora mini ita ce: idan mutane da yawa suna aiki a rumbun manhaja guda, yaya za a hana wani ya taɓa fayil ɗin da aka riga aka ajiye, kamar na saitin sabar? Amsata a taƙaice: a ƙofar rumbu ake kulle shi, wato inda kowa ke turo aikinsa.

Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana ba kowane ma'aikaci cikakken kwafin tarihin aiki. Mu nan Birnin Gwari mun san darajar haka. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta rufe layukan sadarwa a ƙarshen Satumban 2021, mai Git na iya ci gaba da aikinsa ba intanet. Sai dai kwafin da ke hannun mutum nasa ne, babu fayil ɗin da ba zai iya gyarawa ba. Haɗarin yana ranar da layi ya dawo, kowa ya turo nasa.

Wasu sukan rubuta sunan fayil a .gitignore su kwanta barci. Alhali wannan jerin bai shafi fayil ɗin da Git ya riga ya fara bibiya ba. Wasu kuma su yi amfani da assume-unchanged, wanda don saurin aiki aka yi shi, kuma tasirinsa bai wuce kwamfutar mai ita ba. Dubi dajin Kamuku: an shata shi gandun daji a 1936, ya zama na ƙasa a 1999, amma layin taswira bai taɓa tsayar da gatari ba sai da mai gadi.

To, waɗanne masu gadi muke da su?

Na farko, kare babban reshe, tsarin da dandalin ajiye rumbuna na GitHub ya kawo a 2015. Babu mai tura gyara kai tsaye sai wani ya duba, kuma an haramta turin ƙarfi mai goge tarihi. A Nuwamban 2013 irin wannan turi guda ya mayar da rumbunan manhajar Jenkins sama da 150 baya.

Na biyu, fayil ɗin CODEOWNERS, wanda ke naɗa wa kowane muhimmin fayil mai shi. Idan an kunna sharaɗin, ba a haɗa gyara sai da amincewarsa. Mai sabar kansa kuma ya sa ƙugiyar pre-receive, ta ƙi duk turin da ya taɓa fayil ɗin.

Na uku, sa hannu na sirri, domin ƙirƙirar suna a Git ba wuya. A Maris 2021 an cusa wa harshen PHP gyara biyu masu cutarwa da sunan manyan marubutansa, ciki har da Rasmus Lerdorf. Masu dubawa ne suka gano.

Gargaɗi na ƙarshe: kalmar sirrin da ta shiga tarihi ta fita hannunka, ko ka goge ta, domin tana cikin kwafin kowa. Canza ta nan take.

Ku kafa waɗannan dokoki ranar da kuka buɗe rumbu, tun kuna mutum biyu.