Makwancin Baƙo a Zangon Kwatano



An nemi in yi magana a kan mutanen da dare ke riska a birnin Kwatano ba su da ƙofar da za su rufe. Kowa a cikinmu ya san su. Duk wanda ya yi sammakon asuba zuwa babban masallacin Zango ya ga kwalaye shimfiɗe a bakin shaguna, ya ga ɗan dako da ya wuni yana turin kaya a kasuwar Dantokpa ya naɗe a ƙarƙashin rumfa, ya ga ɗan zem, wato ɗan acaɓa, kwance a kan babur ɗinsa, rigarsa mai ruwan ɗorawa ita ce mayafi. Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin manyan ruwa, kwalin ma ba ya kai gari ya waye.

Mu fara da raba su, domin haɗa su a suna guda shi ne kuskuren farko da hukuma da jama'a ke yi. Akwai baƙon da ya sauka daga Maraɗi ko Dogon Dutsi ko Sakkwato neman kuɗi, ƙarfinsa lafiya lau, ɗaki ne kawai ya gagare shi. Akwai magidancin da aka rushe wa gida. Akwai yarinyar da aka ba riƙo, wadda mutanen ƙasar nan ke kira vidomegon, ta gudo daga azabar uwar ɗaki. Akwai tsoho mai bara, akwai mai taɓin hankali. Ɗan dako kuɗin kama ɗaki yake buƙata, mai taɓin hankali likita, yarinya kuwa kariya da makaranta. Mota guda ta kwashe su duka a dare guda ba ta warkar da ko ɗaya.

Me ya kai su titi? Ƙidayar 2013 ta sami mutum 679,012 a Kwatano, birnin da teku ya tokare ta kudu, tafkin Nokuwe ta arewa, ƙasarsa kuma kwari ce da ruwa ke kwantawa. Mafi ƙarancin albashi tun Janairun 2023 sefa 52,000 ne a wata, ɗan dako kuwa ba shi da albashi ma sam. Dokar haya ta 2018 ta taƙaita kuɗin ajiyar da mai gida zai karɓa ga na wata uku, amma ga wanda cinsa na yau daga aikin yau yake fitowa, wata ukun nan da ladan dillali a kai su ne katangar. Mutum yana iya biyan haya wata-wata, ya kasa tara ta a dunƙule. Ina roƙon ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sai rusau. A Janairun 2017 aka share rumfuna da shagunan da ke bakin titunan birnin nan. A 2021 aka tashi mutanen Fiyegnon da wani sashe na Xwlacodji a gaɓar teku, kuma ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a Disamban 2023 kan yadda aka yi da dubban mutane a irin waɗannan wurare. Ba na jayayya da cewa birni yana son tituna masu faɗi da magudanan ruwa. Ambaliyar 2010 ta koya mana haka da tsada. Abin da nake jayayya da shi shi ne a rushe kafin a tanadi inda za a kwana. Gidaje 20,000 da gwamnati ta tsara, waɗanda mafi yawansu ke Ouèdo ta wajen Kalabi, na mai takardar albashi ne ko mai abin nunawa a banki. Wanda ke kwana a kwali bai san hanyarsu ba. Ga kuma rufe iyaka: ta Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Duk ranar da manyan motoci suka tsaya a Malanbil, bakin iyakar Nijar, yaran mota da 'yan lodi a tashar jiragen ruwan Kwatano ne ke fara rasa kuɗin ɗaki.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato mu kanmu. Wannan unguwa ta gaji wani tsari na saukar baƙo da ya girmi duk wata ma'aikata. Ayarin goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja yana ratsa Nikki da Jugu, a arewacin ƙasar nan, kuma a kowane masauki akwai maigida. Fatake su sauka a zaurensa, ya ba su tuwo, ya adana musu kaya da kuɗi, ya haɗa su da dillali, in rigima ta taso shi ne mai zuwa gaban sarki. Polly Hill ta yi nazarin wannan a Kumasi, Abner Cohen kuma a unguwar Sabo ta Ibadan cikin littafinsa na 1969. Abin da suka gani, wanda kakanninmu suka sani tun kafin a rubuta shi, shi ne rufin ɗaki ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da maigida ke bayarwa. Babban abin shi ne sunansa. Da zarar an ce wane yaron Alhaji wane ne, ya sami mai tsaya masa, ya sami bashi, ya sami aiki, bayan shekara biyu ya kama ɗakinsa, wata rana shi ma ya sauki wani.

Wannan shi ne masaukin wucin gadi na gaskiya, domin yana da ƙofar shiga, yana da ta fita. Amma kada mu yi masa kwalliyar da ba tasa ba. An gina shi ne don namiji mai lafiya, mai kaya ko mai ƙarfin dako, kuma ɗan gida a yare da addini. Bazawara mai goyo, ko Bafone ɗan ƙasa da aka rushe wa bukka, ko majinyaci, ba su taɓa samun gurbi sosai a zaure ba. Yau ma zauren kansa yana ƙarewa. Fili ya yi tsada, magada sun raba gida, ɗakin baƙi ya koma shago ko sito. Kuma unguwa sukutum tana iya tashi: a 1977 aka rushe tsohon Zangon Lome, aka mayar da mutanensa bayan gari. Ga shi gwamnati ta bayyana aniyar kwashe cinikin Dantokpa zuwa sababbin kasuwanni. Waɗanda rumfunan kasuwar ke rufa wa asiri da dare, ina za su nufa?

Wasu sun riga mu aiki, kuma adalci ne a faɗa. Matan cocin Katolika na ɗariƙar Don Bosco sun daɗe suna karɓar 'yan matan kasuwa a Dantokpa, suna ba su wurin kwana da koyon sana'a. Grégoire Ahongbonon, wanda da can facin taya yake yi, ya kafa cibiyoyin Saint Camille a Avrankou da Bohicon da Jugu yana ɗauko masu taɓin hankali daga titi. Da yawa daga cikin waɗanda suke ɗauka 'ya'yan Musulmi ne. Mu da matafiyin da guzuri ya yanke wa yake cikin mutum takwas masu haƙƙin zakka, mu da muka san mutanen Suffa sun kwana a masallacin Madina, ya kamata wannan ya taɓa mu.

A ƙasashen waje ma an gane cewa tara mutane a babban ɗaki su kwana su watse da safe ba ya fitar da kowa. A 1992 Sam Tsemberis ya fara wani tsari a New York na ba mutum ɗakinsa tukuna, sannan a bi shi da magani da neman aiki. Finlan ta ɗauke shi a 2008, kuma marasa muhallinta, da suka kai kusan 18,000 a 1987, sun sauko ƙasa da 4,000 a 2023. Ba mu da baitulmalin Finlan. Amma tushen abin, wato mutum ba ya tsayawa da ƙafarsa sai yana da inda zai ajiye jakarsa da wanda ya san sunansa, ba baƙo ba ne a wurinmu.

Abin da nake ba da shawara ƙarami ne, da gangan. A sami gida guda na waƙafi a cikin Zango, a rubuta shi a hukumance don kada magada su taso daga baya. A ware ɓangaren mata da ƙofarsa da mai kula mace. A sa makewayi da famfo, a sa akwatunan ƙarfe masu kwaɗo, domin duk wanda ya kwana a waje zai gaya muku sata ta fi sauro hana barci, kuma in katin shaida ya ɓace, aiki ya ɓace. Mai ƙarfi ya biya ɗan abin da bai kai kuɗin abincin rana ba, don ya shiga da mutuncinsa. A yanka wa'adi, wata uku ko shida, kuma tun ranar shiga a haɗa kowa da wani ɗan kasuwa ko shugaban 'yan dako da zai zame masa maigida.

Sai katangar da na ce ku riƙe. A buɗe asusu daga zakka da sadakar Juma'a wanda aikinsa guda ne: biyan kuɗin ajiyar wata uku kai tsaye ga mai gidan haya, mutum ya riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan, babu ruwa. Kuɗin da ya dawo ya kama wa na gaba ɗaki. Wasu ba za su biya ba, a sa wannan a lissafi tun farko. A riƙa karanta shiga da fita a gaban jama'a, domin abin da ya kashe asusun masallatai da yawa rashin bayani ne. Yara ƙanana da masu taɓin hankali kuwa kada mu ce za mu riƙe su, a miƙa su ga ma'aikatar jin daɗin jama'a, ko asibitin masu taɓin hankali na Jacquot, ko cibiyoyin da na ambata, kuma wani daga cikinmu ya riƙa bin sawu.

Kafin a sayi ko kwano guda, a fara da ƙirga. Matasan masallatai su fita bayan isha da littafi, layi-layi, su tambayi kowa daga ina yake, me yake yi da rana, me ya hana shi ɗaki. Ina roƙon kwamitin wannan taro ya sa ranar fitar kafin mu tashi, kuma ta kasance kafin ruwan Afrilu.