Ɗalibin da Zai Dakata da Karatu, Ya Rubuta

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, batunmu a yau shi ne 'ya'yanmu da ke barin jami'a ba sallama. Uba ya rasu, ko kuɗin rajista sun gagara, ko an ɗaura wa yarinya aure tana aji biyu, sai kawai a kwashe kaya a dawo gida. Bayan shekara biyu a koma, a tarar an soke suna, sai a ce an yi mana zalunci. Alhali kuwa doka tana nan a rubuce cikin littafin jagoran ɗalibai, mu ne ba mu karanta ba.

A jami'o'inmu na Nijeriya, ga iri uku daga cikin hanyoyin fita. Akwai wanda ake sallama saboda makinsa ya kasa kaiwa mizani, bayan an ba shi wa'adin gyara. Akwai wanda ya ɓace bai yi rajista ba zango biyu a jere. Jami'o'i da yawa suna ɗaukarsa ya janye da kansa. Sannan akwai wanda ya rubuta takardar neman ɗage karatu, ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, har Majalisar Dattawan jami'a ta amince. Wannan na ukun shi kaɗai ne gurbinsa ke jiransa. Ku kuma sani digirin shekara 4 galibi ba a yarda ya wuce shekara 6, don haka zangon da aka bari ya wuce ba izini yana iya cinye wa'adin.

To, ina wahalar takarda guda? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Al'ummar da aka tarbiyyantar a kan haka bai kamata ta riƙa sakaci da rubutu ba.

Ina jan kunnen magidanta musamman. Kullum muna kukan rashin likitoci mata a asibitocinmu, amma wanda aka ba shi ɗaliba da sharaɗin za ta ƙarasa karatu, da ciki ya zo sai ya ce ta zauna. Wannan saɓa alkawari ne. Idan haihuwa ta gabato, ka kai ta ta nemi ɗagewa tun kafin jarrabawa, a haɗa da takardar likita, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.