Wa Za a Tambaya Kafin a Rage Hasken Rana?

 

Shugaban taro, wakilin Gulkpe Naa da wakilin Dakpema, Allah ya ja zamaninku. Sarkin Zango da 'yan majalisarsa, ranku ya daɗe. Limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da suka yi ta sayar da shinkafa da gyaɗa da man kaɗanya a kasuwar Aboabo don a biya kuɗin makaranta, sannunku da ƙoƙari, yau ranarku ce. Sai ku 'ya'yanmu da kuka kammala karatu bana, waɗansu daga jami'ar UDS, nan cikin gari da Nyankpala, waɗansu daga Jami'ar Fasaha ta Tamale: barkanku, Allah ya sanya albarka a takardun da kuka riƙo.

An ce in yi muku nasiha. Ta gaskiya da riƙon amana kun sha ta a gida, limamai kuma za su ƙara muku kafin a tashi. Ni wata shawara na zo in tsegunta muku, wadda ake yi a kan sararin samaniyar da ke bisa kanmu, a birane masu nisa, kuma har yanzu ba a aiko mana da goron gayyata ba.

A watan Yuni na 1991 wani dutse mai suna Pinatubo ya yi aman wuta a ƙasar Filifin. Ya watsa hayaƙin farar wuta da ya kai aƙalla tan miliyan 15 zuwa can bisa gajimare, inda ruwan sama ba ya kaiwa balle ya wanke shi. Hayaƙin ya bazu ya kewaye duniya, ya riƙa mayar da wani ɓangare na hasken rana, sai zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri har fiye da shekara guda. Mu da muka san hazon hunturu ba ma bukatar dogon bayani: rana na nan, amma kaifinta ya dushe. A 2006 Paul Crutzen, masanin da ya ci kyautar Nobel saboda aikinsa a kan rufin ozon, ya rubuta cewa tun da duniya ta kasa rage hayaƙin mai da kwal, ya kamata a duba ko ɗan Adam zai iya yin abin da dutsen nan ya yi, da gangan. Wato a tura jirage su kai nisan kilomita 20 a sama, su riƙa fesa farar wuta kowace shekara. Wani lissafi da aka buga a 2018 ya ce a shekarun farko abin ba zai wuce dala biliyan biyu da ɗoriya a shekara ba. Wannan kuɗi ƙasa ɗaya za ta iya biya, kai, har attajiri ɗaya. Arhar nan ita ce ta fi ba ni tsoro.

Kada mu yi wa masu wannan ra'ayi rashin adalci. Da yawansu ba 'yan damfara ba ne, kuma zafin da suke magana a kai mu ne muka fi shan sa. Kowa a nan ya san Maris da Afrilu a Tamale, lokacin da ake kwana a waje saboda ɗaki ya ƙi shiguwa. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitocin Bamako suka cika. A wannan shekarar dai ruwa ya ɗauke mana a Yuli da Agusta, masara ta ƙone tana goyo, har gwamnati ta hana fitar da hatsi daga Gana. Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wanda ke cikin wannan hali, idan aka ce ga sanyi nan tafe, ba zai yi saurin cewa a'a ba.

Sai dai a nan arewa damina ɗaya gare mu, daga wajejen Mayu zuwa Oktoba. Mutumin Kumasi in ta farko ta kuɓuce masa yana da ta biyu. Mu in ta tafi, shekara ta tafi. Ruwan daminar nan kuwa iska ce ke ɗauko shi daga teku, kuma nisan da take yi zuwa arewa ya danganta da yadda zafi ya rabu tsakanin rabin duniya na arewa da na kudu. A 2013 masanan hukumar yanayi ta Birtaniya, ƙarƙashin Jim Haywood, sun nuna cewa uku daga cikin damina huɗu mafi fari a Sahel tsakanin 1900 da 2010 sun biyo bayan aman wutar manyan duwatsu a rabin duniya na arewa. Da suka gwada a kwamfuta, sai suka ga idan a arewa kaɗai aka yi feshin, ruwa zai janye kudu ya bar Sahel da fari. Idan a kudu aka yi, Sahel za ta yi kore, amma wani yankin ne zai ji a jikinsa.

Shekarun nan mun san su da sunansu. A 1912 dutse ya yi aman wuta a Katmai ta Alaska. A 1913 zuwa 1914 ƙasar Hausa ta shiga yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba. A 1982 El Chichón ya fashe a Meziko. Dattawan da ke rumfar nan ba sai na tuna musu 1983 ba, shekarar da fari da gobarar daji suka haɗu da 'yan uwanmu kusan miliyan guda da aka koro daga Najeriya, har ƙashin wuya ya fito wa mutane aka raɗa masa suna sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasa na lokacin. Ban ce dutse kaɗai ya jawo ba. A 1982 da 1983 teku ma ta yi nata sauyin, mulki da kasuwa ma suna da nasu laifin. Amma wancan ƙaddara ce, ba wanda ya sa hannu a takarda. Abin da ake shawara yanzu akwai mai sa hannu, akwai mai zaɓen inda jirgi zai tashi da inda zai yi feshi.

Akwai kuma abin da feshin ba ya yi. Ba ya cire iskar kabon da ta taru a sama, wadda ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru, alhali farar wutar shekara ɗaya ko biyu take yi ta sauko. Saboda haka in an fara dole a ci gaba. Ranar da yaƙi ko karayar arziki ko sauyin gwamnati ya tsayar da jiragen, zafin da aka danne zai dawo cikin 'yan shekaru, da saurin da shuka da dabba ba za su iya bi ba. Hausawa sun ce wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. A nan kuwa mai ɗaurewa zai mutu, jikokin waɗansu ne za su tarar da kurar.

Mu mutanen arewacin Gana ba baƙi ba ne a wajen hukuncin da ake yankewa a wata ƙasa ya sauka a gonarmu. Kusan duk shekara, idan Agusta ta kama, sai sanarwa ta zo cewa za a buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso. Hukumar agajin gaggawa ta NADMO ta shiga rediyo tana cewa a tashi daga bakin kogi, Farar Volta ta cika ta kwashe gonaki daga Pwalugu zuwa Nawuni da Daboya. Ku lura da kyau: a nan mun san madatsar, mun san kamfanin SONABEL da ke riƙe da ita, akwai Hukumar Kogin Volta ta ƙasashe shida da aka amince da kafa ta a 2007, ana kuma sanar da mu ranar. Duk da haka ku tambayi manomin da shinkafarsa ta nutse ko nawa aka biya shi. Madatsar Pwalugu da aka ƙaddamar da aikinta a 2019 don ta tare ruwan, har yau muna jira. To ina ga sararin samaniya, inda ba ƙofa, ba hukuma, ba kotu? In damina ta ƙi bayan an yi feshi, mai feshin zai ce da ma fari ne zai zo, kuma ba mai iya ƙaryata shi sai wanda ke da nasa ma'auni da nasa masana.

Doka a wannan fage ba ta da ƙwari. A 2010 a Nagoya ta Japan, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare halittu, har da Gana, sun amince a dakata da irin wannan aiki, in ban da ƙananan gwaje-gwajen bincike. Amurka ba ta cikin yarjejeniyar. A 2021 al'ummar Sami, makiyayan arewacin Suwidin, sun ƙi yarda Jami'ar Harvard ta tashi balan-balan ɗin gwaji a Kiruna, a 2024 aka rufe shirin gaba ɗaya. A 2022 wani ƙaramin kamfanin Amurka, Make Sunsets, ya saki balan-balan masu farar wuta a Meziko ba tare da neman izini ba, sai a Janairun 2023 gwamnatin ƙasar ta ce za ta haramta. A Agustan 2023 ministocin muhalli na Afirka suka zauna a Addis Ababa suka nemi duniya ta ƙulla yarjejeniyar ƙin amfani da wannan dabara. Da aka je taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi a farkon 2024, Suwizalan ta kawo ƙuduri, aka kasa daidaitawa, aka janye shi, kamar yadda aka yi a 2019. A 2025 kuma Birtaniya ta ware kusan fam miliyan 57 don bincike, har da gwaji a fili.

Ni ina bayan ministocinmu: kada a yi feshi. Har yanzu ban ga hukumar da manomin Kumbungu zai kai ƙara gabanta ba, kuma ina fargabar masu haƙar mai su mayar da wannan magana hujjar ci gaba da abin da suke yi. Amma na saɓa da 'yan uwanmu masu cewa ko karantar abin ma haramun ne. Wanda ya je teburin shawara da "a'a" kawai, ba alƙaluma a hannu, za a saurare shi cikin ladabi, a ba shi shayi, a wuce. Farfesa Nana Ama Browne Klutse ta Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka zaɓa a 2023 cikin shugabannin kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta jagoranci tawagar da ke nazarin abin da wannan dabara za ta yi wa hunturu da ruwan sama a yankinmu. Kuɗin binciken daga waje ya zo, ta hannun ƙungiyar Degrees Initiative, kuma wannan ma abin dubawa ne, domin mai biyan kuɗi yakan yi tasiri a kan tambayar da za a yi. Legon kuma kudu ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka, 'ya'yana, ga aikinku. An kafa UDS a 1992 domin ilimi ya yi wa arewa aiki, shi ya sa aka riƙa tura ku ƙauyuka a zango na uku. Ku da kuka karanci noma, cibiyar binciken noma ta SARI na nan Nyankpala. A auna a gani me dawa da gero da doya za su yi in ranar farkon ruwa ta goce da mako biyu ko uku. Masu lissafi da kwamfuta, ku koyi sarrafa manhajojin hasashen yanayi da kanku, kada ku tsaya karanta sakamakon wani. Wanda zai wuce karatun shari'a, ya yi nazarin Bagre sosai, don wanda ya iya rubuta dokar diyya a kan kogi shi zai iya fara rubuta ta a kan gajimare. Masu shiga rediyo, ku bayyana wannan magana da Dagbanli da Hausa da Gonja, yadda tsohuwa mai tsintar kaɗanya za ta gane ta kuma faɗi nata ra'ayin. Malamanmu, ku ma akwai tambaya a gabanku: mun gaji fita filin idi roƙon ruwa, mun kuma gaji hukuncin maƙwabcin da ya karkatar da magudana ta cuci na ƙasa da shi, to mene ne hukuncin wanda ya taɓa daminar wata al'umma daga nesa? Muna son amsa daga littattafanku tun kafin a tambaye mu a waje.

Ga ɗan majalisarmu da wakilin hukumar kare muhalli da ke zaune tare da mu, roƙona ɗaya ne: duk tawagar da Gana za ta tura taron da za a tattauna wannan batu, a sa ɗan arewa mai ilimin abin a ciki, kuma kafin ta tafi a zo Tamale a ji ta bakin manoma da makiyaya.

Shugaban taro, na ga iyaye sun ƙosa su ga 'ya'yansu sun hau dandamali. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba yaran nan aikin yi na halal, ya mayar da kowa gida lafiya.