Kuɗin Ruwa Ma Kuɗin Sallah Ne

Kafin masu makulli su buɗe akwati, ina so mu yi maganar wani abu da ke cin kuɗinmu a lokacin Sallah, amma ba ma sa shi a lissafi. Kowacce a nan ta san kuɗin atamfa, ta san na tela, na lalle, na shinkafa da mai. To wa ta taɓa ware kuɗin ruwa?

Mu da ke cikin ganuwa mun san halin da ake ciki. An gina madatsar Galma a Kubau, a 2017 kuma aka buɗe sabuwar matatar ruwa ta Zariya mai iya tace lita miliyan 150 a rana. Duk da haka gidaje da yawa a Kwarbai, Kaura, Limancin Kona da sauran unguwanni, rijiya da burtsatse da mai garuwa ne abin dogaronsu. Ku da kuka zo daga wajen gari, irin su Dambo da Wuciciri, ba sai an gaya muku ba.

A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah cikin Maris ko Afrilu take faɗowa, tsakiyar bazara ke nan, lokacin da guga ke dawowa da laka. Birni kuma ya cika da baƙi masu zuwa kallon hawa. Shi ma mai garuwa ɗan wasu ne, zai tafi garinsu yin Sallah. Masu turo kura sun ragu, masu nema sun ƙaru, sai kuɗin jarka ya tashi. A nan ne za ki ga mace ta taɓa kuɗin zubin mako ta sayi ruwa, ranar taro ta zo hannu wofi, ga tara a kanta.

Mu yi lissafi tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a rana wajen lita 20 ne. Gida mai mutum 10, lita 200 ke nan, wato jarka 8 irin mai cin lita 25. Idan baƙi 5 suka sauka, ya koma jarka 12. Kwana uku na Sallah, jarka 36. Kowacce ta ninka wannan da kuɗin jarka a unguwarsu ranar jajibiri. Kun ga ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ban sa wanki a ciki ba.

Saboda haka a fara tara ruwa tun Sallah saura mako guda, jarka ɗaya ko biyu kullum, tun farashi bai motsa ba. Babban wanki, na labule da zannuwan gado da kayan yara, a gama shi tun kafin kwana ukun ƙarshe. Duro ɗaya mai lita 200 yana ɗaukar jarka 8. Wadda ba ta da shi, wannan abu ne da ya cancanci ƙaramin rance daga akwati, don duro ba ya ƙarewa da Sallah. Da damina shi za ki tara a bakin indararo. Amma don Allah a rufe shi ruf. Ruwan da aka bari a buɗe, cikin mako guda zuwa kwana goma sauro ya ƙyanƙyashe a ciki, abin da kika rage a ruwa ki kai shi kemis.

Sai kuma yadda ake sa ruwa ɗaya ya yi aiki biyu ko uku. A fara wanke fararen kaya, masu launi su bi baya a ruwan. Ruwan ɗauraya na ƙarshe shi ne na jiƙa kaya na gaba. Na kumfa ya tafi banɗaki ko a yayyafa a tsakar gida kafin shara. Ruwan wanke shinkafa da ganye a zuba wa zogale. Kwanukan miyar Sallah kuwa, mai ne ke shan ruwa: a goge maiƙon da dusa ko toka tukuna, sannan a wanke a roba ɗaya, a ɗauraye a ta biyu. Kada a bar yarinya tana tsiyaya daga jarka kai tsaye, rabi a ƙasa yake ƙarewa.

A Babbar Sallah kayan ciki ne ke kwashe ruwa. A zazzage tumbi da hanji a busashe, a tatse su sosai kafin su ga ruwa, kuma a yi wannan nesa da bakin rijiya. Ƙazantar da ta gangara rijiya, dukan gida za su sha ta.

Buta ma a duba ta. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, mudun nan da muke awon zakkar kono da shi. A gidan da mutum 15 ke alwala sau biyar a rana, idan kowa ya cika babbar buta ya juye, jarka nawa ke nan?

Akwai wurin da ban yarda a yi tsumulmula ba: ruwan sha da wanke hannu. Amai da gudawa a taron jama'a yake samun ƙofa. Randar sha daban, da murfi, da moɗa guda mai dogon mariƙi, kada yara su riƙa tsoma hannu. Ruwan da ba ki san inda aka ɗebo shi ba, ki tafasa ko ki sa WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Da shi za a yi zoɓo da kunun zaƙi na baƙi. A ajiye buta da sabulu a ƙofar banɗaki, wata kuma inda ake cin abinci.

Mako mai zuwa kowacce ta zo da abu biyu: jarka nawa gidanta ke sha a rana, da nawa ake sayar da jarka a unguwarsu. Sakatariya za ta rubuta. Masu son duro su ba da suna yau, don a je kasuwar Sabon Gari a tambayo farashin sari. Masu makulli, bismillah.