Lambun Gida Daga Kaka Ake Fara Shi



Idan ruwan sama ya ɗauke aka shiga kaka, hankalin kowa yana kan girbin gero da dawa. Ni kuwa roƙona shi ne mu waiwayi ɗan filin nan na bayan ɗaki, domin wanda yake so ya ci ganye da kayan miya na gidansa shekara zagaye, kaka ce lokacinsa.

Tumatir, albasa, kabeji, latas da karas duk sanyin hunturu suke so. A watan Oktoba ake renon iri. Tumatir kan yi kamar mako 4 kafin a dasa shi, albasa kuwa sai ta kai mako 6 zuwa 8. Karas ba a dasa shi, inda aka yafa nan zai zauna. Ka gauraya ƙasa da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, ɗanye ƙona saiwa yake yi. Ka rufe kwami da ciyawa don ya riƙe laima, ka yi ban ruwa da sanyin safiya.

Kada a shuka komai rana ɗaya. Latas da alayyafo a riƙa zuba kaɗan-kaɗan duk bayan mako 2, kwando ba zai yanke ba.

Idan bazara ta kama, tumatir kan zubar da fure saboda zafi, kasuwa ta yi tsada. A nan uwargida za ta ɗauko kauɗar tumatir ɗin da ta shanya tun Fabrairu, ta tsinko zogale a jikin danga. Da saukar ruwan fari kuma, sai kuɓewa da yakuwa su karɓi filin.