Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Sake Fuskar Tsohon Gini

Idan za a gyara tsohon ofis, ko ɗakin shari'a, ko zauren fada, wurin hakimi akan fara kawo maganar. Galibi abin da akan roƙa shi ne a shafe bango da siminti, a faɗaɗa tagogi, a sa gilashi, wai don gini ya yi kama da na zamani. Kafin hakimi ya sa hannu, lalle ya tambayi magini inda inuwa za ta faɗi.

A ƙasashen nan rana takan bi ta tsakar ka, saboda haka 'yar rumfa ta ishi bangon kudu da na arewa. Gabas da yamma su ne masu wuya. Da la'asar rana takan dubi bangon yamma ido da ido, wanda kuwa ya buɗe babbar tagar gilashi a nan ya gina wa malamansa tanderu. Maganinsa baranda mai faɗi, ko bulo mai huji a jera shi gaban bango, ko layin darbejiya.

Sa'an nan batun siminti. Ba ya kama jikin ginin ƙasa sosai. Yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, tubali ya jiƙe daga ciki alhali waje sumul, har ran da ɓangare guda zai zube. Makuba da laso ba su yin haka, sai dai suna son sabuntawa, abin da mutane ke ƙyuya ke nan. Zanko da zanen ƙofa kuwa, da su baƙo ke gane gidan sarauta tun daga nesa, kada a sare su.

A dubi Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da ginin kankare, bakan gizonsa na ciki ya tsira, tsohuwar fuskarsa ta ɓace. A watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta kan masallata, aka yi hasarar rayuka.

Duk tsohon ginin da aka yi wa sabuwar riga, malamin hakimi ya sa magini ya duba azara da indararo kowace shekara kafin ruwan fari, ya rubuta abin da aka gani, ya kai gaban hakimi.