Wake Naman Talaka: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya Na Wata-Wata



Yau maganar wake da gurjiya zan yi. A nan Kudu cimar gidajenmu ta koma garin rogo, doya da burodi. Suna cika ciki, amma ba sa gina jikin yaro yadda ya kamata. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne, alhali na rogo bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Wake yana ƙara jini, ga amfani ga mai juna biyu. Idan an haɗa shi da hatsi, kamar garau-garau ko ƙosai da koko, ɗaya yana cike giɓin ɗaya. Iyayenmu mata, kwanon wake ya fi kilon nama sauƙi. A riƙa ba yara alale ko faten wake ko da sau uku ne a mako.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Mu ne ke ɗauko shi daga Dawanau zuwa Bodija da Mile 12. Wannan amana ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda maganin ƙwari da aka samu a ciki. Don Allah 'yan kasuwa, a daina zuba wa wake Sniper, guba ce. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwarin ba tare da magani ba, muddin an ɗaure bakinsa da kyau. Mutum ɗaya ya yi ganganci, sunan Hausawa duka ne zai ɓaci.

Sannan mu san haƙƙinmu. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a inda ya so, kuma gyaran 2023 ya ɗora wa gwamnati kula da wadatar abinci. Mun ga yadda kayan abinci suka yi tsada bayan rikicin kasuwar Shasha a 2021. Zaman lafiya da maƙwabta shi ne rumbunmu na farko.

Mai hali ya sayi wake da kaka ya adana, ya kuma tuna da maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalamu alaikum.